Kashin Kare a Lambun Albasa

Wannan takarda daga hannun ƙanenka Garba take, a Aliero, zuwa ga Yaya Mamman can Gabas.

Ina gaishe ka da kyau. Ina lafiyarka, da ta Inna, da ta iyali? Yaya baƙunta? Mu nan sai godiya, ko da yake gidan daga ni sai karenka.

Tun da Nasara suka shigo kuka tahi, Fulanin da ke kwana da shanu gonarmu ba su komo ba, lambun albasa ya rasa taki. Sai na riƙa tara kashin karen ina binnewa cikin fangali, inda nake shuka albasar. Liman ya gani, ya ce, "Garba, wagga najasa ce, kuma abinci kake shukawa." Na ce, "Malam, wa ya rage mani da zai ba ni taki?" Washegari Liman ya koro jakinsa da kansa, da mangala cike da takin awaki. Na tone kashin karen na zubar.

Albasa ta yi kyau. Ran da na tuge ta farko, na waiwaya in nuna maka, sannan na tuna.

Ka sa ni cikin addu'a, ka gaishe da kowa. Ka ce wa Inna ina cin abinci.