Ta Goma Sha Shida a Layin Likita

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Sakamakon jinin Auta ya fito. Maƙoƙo ne, irin mai sa rama da bugun zuciya. Hannunta na rawa, ko zare ba ta iya zura wa allura a shago. Likitan unguwa ya ce sai ƙwararre. Kamfanin inshorar wurin aikin babanta suka ba ni takarda mai sunayen likitoci shida, na bi su da ƙafa. Na farko ya rasu bara. Na biyu ofishinsa ya koma shagon gyaran waya. Uku sun daina karɓar katinmu, ɗaya ma mai gadi ne ya faɗa min, ko benci ban gani ba. Saura ɗaya. Na gaji, Yaya.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Ke dai tun kina yarinya akwai saurin karaya. Ɗayan ma ai likita ne. Ki yi sammako, ki riƙe bakin nan naki, kada ki yi wa masu tebur faɗa. Allah ya ba ’yata lafiya.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je, na riƙe bakina har ya yi tsami.

Likitan yana karɓar katin. Har na fara godiya, sai sakatariyarsa ta rubuto min rana: wata huɗu nan gaba. Yaya, katin nan yana sauke yaro ranar da ya cika sha takwas, Auta kuwa za ta cika saura kwana tara ranar ta zo. Na koma kamfanin, wani mai ƙamshin turare ya ce, “Tsari ne, Mama.” Ba kati kuwa, ko keken ɗinkin muka sayar ba zai kai mu rabin hanya ba.

Sakatariyar ta tausaya, ta sa mu a layin masu jiran gurbi. Mu ne na goma sha shida. Na ce, “Mutane suna fasawa kenan?”

Ta ci gaba da rubutu. “Baiwar Allah, ba wanda ke fasa ganin likitan nan yana da rai.”

Auta ta ce ko ba komai ramar ta sa tsofaffin rigunana sun yi mata. Na yi dariya don ita. Tsoro nake ji.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na karanta sau uku. Na tambayi duk wanda na sani a asibitin nan namu, kowa ya girgiza kai. Ki yafe min faɗan da na yi miki. Yaya jikin nata?

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Jikin da nauyi, ta daina zuwa shago.

Mun dawo na goma sha ɗaya. Saura sati biyu ta cika sha takwas. Wayata ba ta barin hannuna. Jiya sakatariyar ta kira ta ce mun matsa gaba da mutum biyu, na ji bakina ya ce alhamdulillahi.

Ki roƙa min gafara.

Ƙanwarki