Bakina Ne Ya Yi Laifi, Ba Littafin Istifanus Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tabbatar da Malaman Jami'a a Aiki,
ta hannun Edita.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran farfesoshi. Sunana Ayuba, tsohon mai canja wa jirgi layi a tashar Kafanchan, yanzu manomin citta. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na makarantar mishan. Ba kora ta aka yi ba, ni ne na tausaya wa malamai. In ka ga kuskure a rubutuna ka wuce shi, ba ni ke neman aiki ba.

Mai nema ɗana ne, Istifanus, ƙaramin malami a sashen falsafa na jami'arku. Na ga takardar da kuka ba shi. Ba ku tabbatar da shi ba, kuma in kwamiti ya sake zama a ƙarshen zangon nan bai canja ra'ayi ba, aikin ya ƙare. Dalilinku, wai bincikensa bai yi tasiri ba. Ina da magana uku.

Na farko, aikin da ya yi. Duk hutu yaron nan yana yawo da rikoda daga Zonkwa zuwa Manchok zuwa Fadan Kaje, yana zama inda ake shari'ar iyakar gona, da maganar aure, da majalisar dattawan ikilisiya. Ya tsinto hanyoyin da mutum ke cin gardama ba da gaskiya ba: ka zagi mai magana maimakon ka amsa maganarsa; ka ce ai kowa ya sani; ka ce haka kakanni suka faɗa; ka ɗora wa mutum abin da bai ce ba, sannan ka kayar da shi a kai. Ya haɗa su a ɗan littafi da Hausa. Akwai wani da ya kira dattijo A., wanda ya fito a kusan kowane babi yana tafka irin wannan. Ni ne. Ban yi fushi ba, ban taɓa shiga littafi ba sai wannan.

Na biyu, ma'auninku. An bayyana mini cewa kuna ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci sunan mutum a mujallunsu. Ba na faɗa da ƙirga, na tsufa ina ƙirga taragu. Amma a ƙasarmu dattijo ba ya faɗin cewa daga yaro ya koyi abu. Da damina ina zaune a wata shari'ar gona kusa da Zonkwa, wani mai ƙara ya daɗe yana ba da labarin yadda uban abokin ƙararsa yake shan burkutu. Dattijon da ke sauraro ya tsayar da shi, ya ce an ji labarin tulu, yanzu a nuna masa inda dutsen iyaka yake. Wannan babi na uku ne na littafin, har misalin. Da aka yaba masa, ya ce ai mutanen da ne suka ce. Ni ma haka nake yi a majalisar ikilisiya. Duk abin da na ɗauko daga littafin sai in ce marigayi babana ne ya faɗa, mutumin da in ya ce maka sannu da safe ya gama maganar ranar. To, a wace mujalla za ku sami wannan?

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Kun aiko wani malami ya duba ko ana karanta littafin a nan. Ya sauka a jirgin safe, ya zo gidana, don adireshina ne a bangon littafin. Mutumin kirki ne, ya ci tuwon acca bai yatsine fuska ba. Ya tambaye ni yadda nake ganin aikin ɗana. Ranka ya daɗe, a wurinmu uba ba ya yabon ɗansa a gaban baƙo. Uba ya kushe, baƙo ya musa, uba ya ƙara kushewa, baƙo ya dage, kowa ya tashi ya san an yabi yaro. Haka na yi. Na ce shirmen yara ne, ba mai karantawa, mata ma kunna wuta suke yi da shi. Na jira ya musa. Sai na ga ya zaro biro. Na ɗauka adireshi zai rubuta. Ya yi godiya, ya kama jirgin yamma. Bai je kwalejin horon malamai ba, inda ɗalibai ke kwafar littafin da hannu saboda ya ƙare. Bai ga faston ikilisiyarmu ba.

A takardarku akwai layin da ya ce har mahaifinsa ya tabbatar ba a karanta shi. Wato an yanke wa littafin da ke magana a kan gurguwar hujja hukunci da shaida ɗaya, kuma shaidar daga bakin mutumin da littafin ya nuna babi bayan babi cewa a yi hankali da maganarsa.

Yaron ya zo gida da Kirsimeti. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya taya ni shanya citta, bai ta da maganar ba. Matarsa ce ta nuna mini takardar. Yana da 'ya'ya biyu, amma ba zan ja wannan ba, littafin ya ce tausayi ba hujja ba ne.

Roƙona ga shi. A cire shaidata daga fayil ɗinsa, na janye ta. A sake aiko mutum, mai jin Hausa, ya riƙe littafin a hannu ya zauna a shari'ar gona ko guda uku. Kada ya tambayi kowa daga ina ya koya, ƙarya za su yi masa. Ya saurara kawai yana buɗe shafi. In bayan haka kun ga aikin bai kai ba, ku sallame shi, gona tana nan.

In kuma dole sai an ambaci suna kafin ku ƙirga, to, ga ɗaya a rubuce. Ni Ayuba, daga wurin ɗana Istifanus na koyi yadda ake gardama da gaskiya, kuma ya fi ni hankali. Ban taɓa faɗa masa ba. A jarida zai gani, tare da dukan dattawan da za su yi mini dariya ranar Lahadi.

Ubangiji ya ba ka lafiya da basira, ya raba ka da shaidu irina.

Wassalam, naka cikin ladabi,
Ayuba, baban Istifanus,
Kafanchan.