Wata Bakwai da Molonka Ya Yi a Bango

Zuwa ga mahaifina, Malam Audu Mai Molo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga ubanta, ina sanar da kai cewa mutanen gida duk suna lafiya. Yau shekara guda ke nan da aka ɗauke ka daga tsakar gidanmu zuwa makwancinka. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma akwai maganar da na riƙe shekara goma sha huɗu, kuma na gaji da riƙon ta.

Bari in fara da labarin gida, don da shi kake fara tambaya kullum. Mama ta rage kuka. Yaya Tanko ya sayi keke napep, yana jigila tsakanin kasuwa da tasha, amma Mama ta ƙi yarda ya riƙa kai ta cefane, wai ƙafarta ba ta mutu ba. 'Yan uwanka na Awe sun aiko da gishiri kamar yadda suka saba.

A can Awe ɗin ka ce ka fara. Kakarmu tana dafa gishiri, kai kuma kana zaune wurin wani tsoho da ke kaɗa wa matan da ke dafa gishirin molo don su ji daɗin aiki. Ka shigo Lafiya kana saurayi, ba ka da komai sai wannan molon. Shekara hamsin kana abu ɗaya. Ka yi wa Alago wasa, ka yi wa Eggon, ka yi wa Fulani. Mutanen Tibi dariya suke yi in ka yi waƙa da yarensu, su ce ka karya shi, amma in wani bikin ya taso kai suke aikowa a kira.

Duk nisan gari, ba ka wuce kwana biyu a waje. Kana dawowa za ka wanke hannu ka ce mu kawo littattafan makaranta. Ba ka iya karatun boko ba, jan biro kawai kake nema. In ya yi yawa ka dubi mutum ka girgiza kai, in babu ka ba shi rake.

Shekarar da Mama ta kwanta ciwo, an kira ka Jos za a ɗauki muryarka a gidan rediyo, abin da ka daɗe kana fata. Ba ka je ba. Ka zauna kana tuƙa mana tuwo mai gudaji, kana wanke mana kayan makaranta a bakin rijiya. Maƙwabta suka yi ta tsegumi, ka ce Jos tana nan inda take, cikin yara ne ba ya jira. Ba su sake kiran ka ba, kai ma ba ka sake tayar da zancen ba.

Baba, ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Tun ina sakandare nake jin kunyar sana'arka. 'Yan ajinmu suna kira na 'yar maroƙi. Da aka ba mu takarda mu rubuta sana'ar uba, manomi na rubuta.

Da Usman ya fito neman aurena, baffansa, wanda shi ne waliyyinsa, ya ce danginsu ba sa haɗa jini da maroƙa, sai dai in ka bar kiɗa. Usman ya gaya mini kansa a sunkuye. Ni ban tunkare ka ba. Ɗakin Mama na shiga na yi ta kuka, ina sane sarai cewa za ta kai maka.

Washegari da ka dawo daga masallaci da asuba, ka buga ƙusa a bangon ɗakinka ka rataye molon. Ka aiki Yaya Tanko wurin duk waɗanda suka kama ka biki ya ba su haƙuri. Mu kuma ka ce mana ka gaji ne, kana son hutu. Na san ba gajiya ba ce. Kuma, Baba, na ji daɗi. Raina ya yi fari, na tafi wurin ƙawayena muka shiga zaɓen ankon biki.

Wata bakwai ka yi a haka. Ka bi wani abokinka kasuwar doya kana dillanci, alhali ba ka iya ciniki ba, duk wanda ya marairaice sai ka sallama masa. In ka zauna da yamma, yatsunka na dama ba sa daina motsi a kan gwiwarka. Ina gani sai in kau da kai.

Ranar ɗaurin aurena abokan sana'arka suka taru za su yi mini wasa kyauta, ka tare su tun daga bakin layi ka mai da su. Kai da ka raka rabin amaren unguwarmu ɗakin miji da kiɗa, aka kai taka 'yar shiru. Ka zauna cikin farar babbar riga kana amsa barka, kana murmushi.

Sai bayan wata biyu da tarewata na zo gida da rana na dube ka da kyau. Ka rame, wuyan rigarka ya yi maka yawa. Na leƙa ɗakinka na ga fatar molon ta bushe ta tsage. Na tambayi Mama ko ba ka da lafiya ne. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba, ta ce: "Rakiya, ba ki sani ba ne, ko so kike in ce ba ki sani ba?"

A cikin hijabina na ɓoye molon na kai wa mai haɗa ganguna ya sake masa fata da tsirkiya. Da na gaya wa Usman, sai ya ce shi ma abin na cin sa tun ranar biki. Da kansa ya je ya faɗa wa baffansa abin da za mu yi. Baffa ya yi kusan shekara biyu ba ya amsa gaisuwarmu.

Usman ne ya durƙusa gabanka ya miƙa maka molon. Ka daɗe kana juya shi a hannu. Abin da ka fara tambaya shi ne ko baffansa ya sani. Sannan ka ce: "In zai taɓa aurenku, ku mai da shi bango. Ni na riga na sha kiɗa." Usman ya ce ya ɗauki nauyin duk abin da zai biyo baya. Sai ka gyara zama ka ɗaure tsirkiya. Mama ta bar tukunya a kan wuta ta fito ta tsaya a bakin madafa.

Ka ƙara fiye da shekara goma sha biyu kana wasa, har da sunan 'ya'yana uku. A duk tsawon nan ban taɓa ce maka ka yafe mini ba. Na sha ɗauko zancen, kai kuma da ka ga inda na dosa sai ka tambayi ko yara sun ci abinci. Ko a asibiti, kwana biyu kafin ka cika, na buɗe baki zan fara, ka ce in gyara maka matashi. Na gyara maka shi.

Da ka ga zaman makokinka. Matan coci sun zo da kulolin abinci. Wata tsohuwa daga Arikya ta ce kai ka yi wasan bikinta, ka yi na 'yarta, ta so a ce ka kai na jikarta. Baffan Usman ma ya zo yana dogara sanda, ya zauna a tabarma tun hantsi har azahar.

Baba, na ji kunyar hannun da ya ciyar da ni. Na bari ka ajiye abin da ka fi so a duniya bayan mu, ina kallo, ina murna. Ka yafe mini. Na san da kana nan da tuni ka katse ni, shi ya sa na rubuta, don in kai ƙarshen maganar ko sau ɗaya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka. Yadda ka rufa mana asiri, Allah Ya rufa maka naka ranar tsayuwa. Ya ba Mama haƙuri da tsawon rai, Ya haɗa mu da kai a Aljanna. Amin.

Taka har kullum,
Rakiya, 'yar Audu Mai Molo.