Taliyar da Aka Yanke wa Mahaifiyata

Daga: Pang Ruilan,
Layin Masu Tukwane, Datong.
19 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Sauraron Koken Masu Yawon Buɗe Ido.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ABIN DA JAGORAN YAWO, MIAO JUN, YA YI WA MAHAIFIYATA

Cikin ladabi nake gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 8 ga wannan wata mahaifiyata, Qiao Guizhi, ta cika shekara tamanin. Na kai ta yawon yini na cikin gari tare da wani kamfani, domin ta daɗe tana son sake ganin ganuwa da tsohon haikali. A haikalin, ko turare ba ta gama kunnawa ba Miao ya ɗaga tutarsa ya ce a tafi. Amma a shagon sayar da duwatsun ado, inda ba wanda ya nemi a je, ya zaunar da mu har rana ta take.

2. Da muka isa gidan abinci na sa aka yi mata taliyar tsawon rai. Yallaɓai ya sani, zare ɗaya ce tal a kwano, kuma ba a tsinka ta har a shanye, domin tsinka ta tamkar yanke kwanan mai ita ne. Tsohuwar da haƙori huɗu ya rage mata tana ja a hankali, mutanen motarmu na tafa mata. Sai ga Miao da almakashin kicin. Ya ce, "Kaka, direba fa ba zai jira ki cika shekara ɗari ba," ya sa almakashi a kwanon ya datsa ta gunduwa-gunduwa. Har da dariyarsa.

3. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye tsinkayen cin abinci ta ce, "Ruilan, kai ni gida, an gama." Tun ranar ba abin da ke shiga cikinta sai ruwan zafi. Ta ma fito da tufafin da ta ɗinka don jana'izarta ta shimfiɗa a gefen gado.

4. Na je kamfanin. Suka ce camfi ne, suka miƙo mini tikitin wani yawon kyauta. Ban zo gardamar camfi ba, ranka ya daɗe. Uwata ce ke ƙarewa ina kallo, kuma wallahi tsoro nake ji. Na dafa mata wata taliyar da hannuna, ta ce wanda ya yanke shi zai haɗa.

Saboda haka ina roƙon ofishinka ya umarci Miao Jun ya zo gidanmu da kwano ɗaya na taliya, ya miƙa mata da hannu biyu, ya zauna har ta shanye, komai daɗewar da za ta yi. Ba na neman diyya, ba na neman a kore shi. Likita ya ce jikinta ba zai jure wani mako a haka ba. In har sai takardar nan ta bi layi, to kada a wahalar da shi, ba zai tarar da wadda zai ba haƙuri ba.

Tare da dukkan girmamawa,

Pang Ruilan
(sa hannu)