Ni na karya magen Malam, matar ɗana anka saka

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karanta shi. Ni tsohuwa ce a Tambuwal, na aurar da ɗiya shida. Ban taɓa zama aji ba, da baki na faɗi wagga magana, wata da na yarda da ita ta rubuta yadda na faɗa. A ɓoye sunana. Ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni, don Allah.

Maigidana malami ne, shekara fuɗu ke nan da idonshi ya tafi. Yana da wata mage, mu nan mussa muke cewa, fara mai baƙi a kunne ɗaya. Ita ke tsare mishi littattafai daga ɓera, har da Alƙur'anin da mahaifinshi ya rubuta da hannu, wanda ke cikin gafakar fata a ɗakinshi. Tun da ya daina gani ita ce abokiyar zamanshi, bisa ƙafarshi take kwanciya yana jan tasbaha. Ni ban taɓa sonta ba. Ni mace ce da ba a taɓa mini kaya, ko ludayi anka gusar sai na gane, kuma sai na ji wanda ya gusar.

Bayan Sallar layya na soya nama na rufe a tukunya cikin ɗakina. Wata rana da hantsi ina daka gero na ji murfi ya faɗi. Na leƙa, sai ga ta da tsoka a baki za ta fita. Taɓarya na hannuna. Ban yi tunani ba na sauke mata a ƙugu da duk ƙarfina, na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Ta saki naman tana ihu tana jan baya a ƙasa, ni kuwa zuciya ba ta sauka ba, na kama wutsiyarta na wulwula na jefa ta bayan rumbu. Na duba tsakar gida ban ga kowa ba. Na ɗauki naman na wanke, na koma ga dakana. Kwana uku ba a gan ta ba, Malam na ta kiranta yana lalube. Da ta fito tana tafiya, amma wutsiyar na ja a ƙasa kamar igiya, kashi kuma na zubo mata duk inda ta bi. A tabarma, a bakin randa, a kan takalmana. Ni a haukata ramuwa take yi. Duk sadda na gani sai in shaƙe ta a wuya in dirza hancinta a ciki in tsula mata muciya. Sau nawa na yi haka? Ban ƙirga ba.

Ranar da abin ya fashe, Malam ya yi sallar walha a kan buzunshi bai san akwai najasa ba. Da ya miƙa hannu ya jawo gafakar sai ya ji danshi, ya kai hanci. Kashin magen ne, bai shiga takardun ba, a fatar ya tsaya, amma tsohon nan ya zauna yana kuka. Tun da munka yi aure ban taɓa ganin hawayenshi ba sai ranar. Ɗana na fari, wanda ba ni kama sunanshi, a gidan yake zaune da matarshi. Ya sa magen a kwali ya ɗaura a babur ya kai wa likitan dabbobi. Likita ya ce bugu ne, an karya gindin wutsiya, jijiyar da ke riƙe bayan gida ta mutu. Ba ta ma sanin ya fito. Ya ce wataƙila ta warke, wataƙila haka za ta ƙare.

Ɗana ya dawo idonshi ja, ya tara mu a tsakar gida. Matarshi 'yar Fulanin Kebbe ce, a ce mata Dije, ba sunanta ba ne. Cikinta wata fuɗu a lokacin. Ya ce, "Wa ya bugi mussar Baba?" Ya juyo gare ni ya ce, "Inna, ke ba abin da ke wuce idonki a gidan ga. Wa kinka gani?" Sai na ji bakina na cewa, "Ni dai na san wadda ke jifarta da takalmi kullum a kan ƙwaryar nono." Ba ƙarya na yi ba, Dije na korarta daga nononta. Amma na san abin da nika yi. Ya nufi Dije. Ta ce, "Ba ni ba ce." Ya ce, "To wa?" Ta sunkuyar da kai. Ya yi ta maimaita tambayar. A na uku ta ce, "Allah ya sani." Ya kwaɗa mata mari ta faɗa kan turmi, leɓenta ya fashe, jini ya ɓata mata gaban riga. Ya ƙara mata ɗaya tana dafe da ciki. Ina tsaye, taki biyu ne tsakanina da su. Na riƙe hannunshi? Ban riƙe ba. Ya ce wadda za ta karya dabba ta yi gardama a kai ba za ta rainar mishi ɗiya ba, ta tafi gidansu, ya sake ta saki ɗaya. Malam na kira daga ɗaki yana cewa a bari, a bari, amma kalmar ta riga ta fita.

Tun daga ranar ɗawainiyar magen ta dawo kaina, mutane har yabona suke yi wai ina neman lada. Na zuba yashi da toka a tsohon kwano, banza, tunda ba ta jin zuwan kashin. Na yanka tsofaffin zannuwana ina ɗaura mata tsumma kamar jariri, ta yage da haƙori. Safe da yamma nika wanke mata baya da ruwan ɗumi, in na makara ƙuda ya bi ta, wurin ya yi ja ya kwaile, sau ɗaya har tsutsa na cire da tsinke. Hannuwana duk yagar farcenta ne. An hana ta ɗakin Malam saboda sallah, ɓera ya fara cin gefen littattafai. Akwai ranar da na gaji na tura ta cikin buhu na ɗaure baki, na nufi tsohuwar rijiyar bayan gari. Ina jin ta tana motsi a bayana. Na tsaya bakin rijiyar na kasa. Wa zan ce ya kashe ta, tunda Dije ba ta nan?

Malam kan fito inuwa in shimfiɗa mishi leda a cinya ya ɗora magen. Rannan na zo wucewa ya ce, "Hajiya, ni ba ni gani, amma hannuna na ji. Kowa ya gitta tana kwance. Ke kaɗai in ta ji takunki jikinta ke ɗaukar rawa." Na ce wanka ne ba ta so. Ya ce, "To." Tun ranar bai sake cewa sannu da aiki ba in na kai mishi tuwo.

Makon jiya na hau babur na tafi Kebbe, na ce gaisuwar mutuwa za ni. Na iske Dije a rugarsu, ciki ya shiga wata tara, tabon na nan a leɓenta. Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ni, ta kawo mini fura. Na fara kame-kame ta katse ni, murya ƙasa. Ta ce, "Inna, na gan ki ranar. Ina bayan danga ina shanya." Na ce, "Kin gani, mi ya hana ki faɗa?" Ta ce, "In tona uwar mijina a gaban ɗanta? Ba a koya mini haka ba. Na zaci ke za ki faɗa." Na aje ƙwaryar furar. Mahaifinta ya zo da sandarshi a kafaɗa, bai zauna ba. Ya ce, "Hajiya, ranar da ta haihu idda ta cika. In ɗanki bai mayar da ita kafin nan ba, kada ya biyo sawunta, sandar ga ba ta shanu kaɗai ba ce. Da an gama kaka za mu tashi da dabbobi, da ita za mu tafi." Bai san ni ce ba. Ko shi ba ta gaya mishi ba.

Na dawo na ce wa ɗana ya mayar da matarshi don cikin. Ya ce, "Inna, ke fa kinka nuna mini ita. In ta zo ta amsa laifinta gaban Baba, na mayar." Ita ba za ta amsa abin da ba ta yi ba, kuma ba za ta kama sunana ba. Kwana nawa ya rage ta haihu? Goma? Biyar? In na buɗe baki, ɗan da na haifa zai san don ni ya fasa bakin matarshi mai ciki, Malam zai san wata biyar ina kai mishi tuwo da hannun da ya karya mishi abokiyar zama, matan unguwar da na saba yi wa faɗa duk za su ji. In na yi shiru, Dije ta tafi da jikana bayan shanu da laifina a kanta.

Ga magen can ƙarƙashin rumbu ta sake ɓata kanta, ruwan wankinta na kan murhu. Jama'a, ɗan zan fara gaya wa ko uban? Ko akwai hanyar da za a mayar da yarinyar nan ba tare da na faɗi ba? Kafin ta haihu, me zan yi?