Ni ko Alƙalin Amurka

Levenshulme, Manchester

Zuwa ga ɗana Taufiq,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Fauziyya da nauyin da take ɗauke da shi. Ni dai gwiwa ce. Likitana, GP, ya ce tsufa ne, sai ka ce shekaruna na je tambaya.

Shekara shida ina haɗiye maganar nan. Na turo ka karatun shari'a, ka ɓige da bin wani alƙalin Amurka da ya mutu tun ba a haifi kakan kakana ba. Kullum labarinsa: wai tun farkon kafa ƙasarsu aka naɗa shi, wai a kan doki yake ratsa taɓo da rafi, gari-gari, don sauraron ƙarar mutanen da bai sani ba. To madalla. Kai ga jirgin ƙasa daga Birmingham, har da kujera mai laushi, amma zuwa sauraron ubanka ya gagare ka.

Da na zo flat ɗin da kuke zaune a unguwar Balsall Heath na gan shi a bango, fuska a murtuke, kai kamar an kifa masa auduga. Hotona na Makka kuwa yana saman firij, bayan gwangwanin madara.

Yayarka Ramlat ta ce haihuwa ta kusa. In namiji ne, sunana Halliru. Ba mutumin nan ne ya goya ka zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da kai ba.

Mahaifinka,
Alhaji Halliru


Taufiq,

Barka da arziki. Yaya mai jego da jaririya? Allah Ya raya. A bakin Ramlat na ji mace ce, tunda kai kana jami'a kana kare alƙalinka gaban malamai.

Na haƙura da takwara, ba laifin yarinyar ba ne. Amma na tuna ka taɓa ce min alƙalin yana da mata, har kana yabon hankalinta. Kada dai sunanta za ka raɗa wa jikata.

Mahaifiyarka ta rasu kana can kana tonon takardun mutumin nan. Ba ta ga ɗanka ko ɗaya ba. Sunanta nake so a raɗa wa yarinyar, Batulu, ko da Ummi za ku riƙa ce mata.

Na yi wa mahaucin Stockport Road maganar rago, amma na ce kada ya taɓa wuƙa sai na san da sunan wa za a yanka. Jibi ne suna. Ka kira ni da bakinka, kada ka aiko Ramlat. Ko ɓarawo aka kai gaban alƙalin nan naka, ai yana samun amsa.

Naka mai jira,
Alhaji Halliru