Lambar da Na Rubuta a Katin Inna

Assalamu alaikum masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku tsine mani, na riga ku.

Ni malamar asibiti ce a yankin Sabon Birni. Da bazarar bara an kawo mana wata tsohuwa daga Tsamaye, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya riƙe fitsari. Ɗiyarta, za ni ce mata Hajo, shekara biyu tana jinyarta a gida, kuma wallahi ni na duba tsohuwar ranar da sunka zo, fatarta lafiya lau. Muka shimfiɗa mata leda. Hajo ta koma gida kwana ukku saboda rasuwa, ta ce mani, "Malama, ga amanar Inna." A kwanakin nan ni kaɗai ce a ɗakin mata, sai in ga zanen jiƙe in ce anjima. Anjimar me? Kan ta dawo fatar ta yi jajir, ta saɓule a matsematsi.

A katinmu kowane ciwo da lambarsa: lambar gyambon kwanciya daban, ta fatar da danshi ya ci daban, kuma akwai wurin nuna ko daga gida aka zo da shi. Na san bambancin sarai, gyambon kwanciya kan ƙashi yake fitowa, wannan ko kan ƙashi bai kasance ba. Amma tsoron bincike ya sa na rubuta gyambon kwanciya, daga gida. Abokan aikin da sunka canje ni daga baya sunka bi katin, suna liƙe wurin da bandeji maimakon a bar shi ya bushe, ya ruɓe. Aka tura Inna Sakkwato, can ta cika.

Likitan can ya karanta wa babban ɗanta takardar. Gaban jama'ar zaman makoki ya ce wa Hajo, "Ke kika kashe Inna da ƙazanta." Har yau ba mai taka gidanta.

Abin da ke ƙona ni, ta yarda. Ranar kasuwa ta tare ni, ta rame kamar kara, ta riƙe hannuna tana kuka: "Malama, ke da kin gani, tun yaushe ya fara ban lura ba?" Na ce sai haƙuri. Haƙuri fa na ce mata!

In na gyara katin aikina ya tafi, kuma Inna ba ta dawowa. In na yi shiru, Hajo za ta mutu tana roƙon gafarar laifina. Mi za ni yi?